A Gaishe Da Waɗanda Suka Sayar Mana Da Rana

Ranku ya daɗe, masu tsara mana rayuwa daga Abuja, sannunku da aiki. Allah ya ƙara girma. Daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ake gaishe ku, gaisuwar mutanen da aka yi wa gatan da ba a yi wa kowa ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, amma da kuka tashi ceto tattalin arzikin ƙasa daga ɓarnar annobar korona ta hanyar hasken rana, ƙofar gidanmu kuka zaɓa. Mun ji jiniya, mun ga rumfuna da jerin motoci masu baƙin gilashi, mun sha jawabi har mun ƙoshi. Wanda bai gode wa wannan ba, me kuma zai gode wa?

Kada a manta da halin da kuka same mu a ciki, don a san girman alherin. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano, aka kulle Kazaure, ga azumi ya ƙarato. Kasuwannin mako suka mutu. Mai akuya ya rasa inda zai kai ta ya sayar ya auno hatsi, 'yan cin rani suka dawo daga Kudu hannu rabbana, mai ƙosai ta kife kaskonta. Mutanen Babura kuwa duka biyu suka sha, domin tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakar ƙasa, cinikin da ke tsakaninsu da 'yan'uwansu na Magarya ya tsaya cak, sai ga kulle ya zo ya ɗora daga inda aka tsaya. Ba a fara sassauta rufin iyakar ba sai Disamban 2020.

Magani ya fito a watan Yunin 2020. Kwamitin da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya jagoranta ya kawo shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. A cikinsa akwai tunani mai kyau, kuma har gobe zan ce mai kyau ne: tunda dole a kashe kuɗi a tayar da komaɗar jama'a, to a kashe su inda za su kawo wuta, su rage hayaƙi, su hana ƙarar da daji. Aka ce gidaje miliyan 5 za su sami wutar sola, mutum miliyan 25 za su fita daga duhu, ayyukan yi 250,000 za su samu, Babban Banki kuma ya ware naira biliyan 140. Aka ce gidaje miliyan 30 za su bar itace da gawayi da kananzir su koma gas. Tarayyar Turai ma hanyar da ta bi ke nan a waccan shekarar, da asusun yuro biliyan 750, ta kuma gindaya sharaɗin cewa aƙalla kashi 37 cikin 100 na shirin kowace ƙasa ya tafi kan sauyin yanayi. Su suka yi nasu da kuɗi, ku kuka yi namu da baki, kuma kowa ya san baki ya fi sauri.

A watan Afrilun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa ya taka har Jangefe, a ƙaramar hukumar Roni, tare da Gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, aka ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a ƙasar Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu. Gidaje 1,000 ne aka ce za su fara samu a garin, daga nan abin ya bazu ko'ina. Ranar nan sunan Jangefe ya shiga kowace jarida, mutanen da ba su taɓa sanin akwai Roni a taswira ba suka koyi furta sunan.

Hikimarku ta farko da ya kamata a yaba ita ce ba ku ɓata talaka da kyauta ba. Tun kafin bikin, fadar shugaban ƙasa ta bayyana cewa mai gida zai riƙa biyan kimanin naira 4,000 a wata har shekara uku kafin kayan su zama nasa. Kowa ya lissafa, naira 144,000 ke nan. Biliyan 140 ɗin nan ma rance ne ga kamfanoni ta hannun bankunan kasuwanci: kamfani ya ci bashi, ya sayo kayan da akasarinsu daga waje ake shigo da su da dala, ya kafa wa talaka, talaka ya biya. Watau mutumin da annoba ta karya wa jari shi zai ɗauki nauyin farfaɗo da tattalin arzikin Najeriya daga aljihunsa. Wannan ai ɗaukaka ce. Kun fitar da shi daga layin masu jiran tallafi kun sa shi a layin masu biyan bashi, inda manyan 'yan kasuwa suke tsayawa.

Don kada a ce kun bar shi haka, kun haɗa masa da shirin ayyuka 774,000: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, na tsawon wata uku, a yi yasar kwata da cike ramukan hanya. Naira 60,000 ke nan. Wanda Allah ya sa sunansa ya fito, kuɗin kuma suka shigo cif-cif, ya daure bai auni gero ko mudu ɗaya ba, bai sayi maganin zazzaɓi ba, to abin da ya tara bai kai rabin kuɗin solar ba. Duk wanda ya tsara wannan lissafi a ba shi lambar girma.

Ku zo mu duba irin kayan da ake magana a kai. Faranti guda a kan rufin kwano ko a jingine bisa soro, akwatin batir rataye a bango, ƙwan fitila uku ko huɗu, wurin cajin waya, in an yi sa'a da fanka ko rediyo. Ba na raina shi, wallahi. Yaro zai yi bitar karatunsa bayan isha'i, mai jego za ta duba jaririnta ba tare da hayaƙin aci-balbal ba, za a ga kunama kafin a taka ta. Amma ku da bakinku kuka ce tattalin arziki za a farfaɗo. Akwatin nan ba ya juya injin niƙa, ba ya walda, ba ya daskarar da ƙanƙara, ba ya ɗago ruwa daga rijiyar fadama. Mai markaɗe da mai walda da mai lemon sanyi, waɗanda su ne tattalin arzikin ƙauye, suna nan da janaretansu da galan ɗin fetur. Abin da mai gida ya samu shi ne hasken da zai ƙirga bashinsa da dare ba tare da kuskure ba. Madalla.

Inda kuka fi burge ni kuwa shi ne Gwiwa. A nan ne aka ce za a kafa tashar sola mai megawat 1,000. Don mai karatu ya gane girman maganar, duk wutar da layin ƙasa ke raba wa mutum fiye da miliyan 200 tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Gwiwa ita kaɗai za ta kawo wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan. A 2018 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen shirin megawat 1,000 na Jigawa. Tun kafin nan, a 2016, an sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, har da waɗanda za a kafa a Jigawa. Aka tsaya jayayya kan farashi da kan wanda zai tsaya wa kamfanonin lamuni, shekaru suka shuɗe, ko ɗaya bai tashi ba. Da annoba ta zo aka buɗe bakin aljihu da sunan farfaɗowa, mai ƙaramin tunani irina sai ya ɗauka lokacin Gwiwa ya yi: ga fili, ga rana, ga matasa, ga dalili. Ashe ku kun hango abin da ba mu hango ba.

Yau Gwiwa ce ke da tashar da ta fi kowace tsabta a duniya. Ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, ba ta taɓa lalacewa ba. Ƙurar hunturu ba ta taɓa rufe farantinta ba, ɓarawo bai taɓa yanke mata waya ba, ma'aikatanta ba su taɓa yajin aiki ba. Ina injiniyan da zai gina irin wannan in ba ku ba? Wadda aka gina da siminti da ƙarfe a Kumbotso ta Kano, aka buɗe a Janairun 2023 ana shelar ita ce mafi girma da aka haɗa da layin ƙasa, megawat 10 ce kacal, kashi ɗaya cikin 100 na tamu ta takarda. Yaran da suka karanta aikin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, waɗanda da su za su kafa farantan nan su riƙa kula da su, kun hutar da su daga wahalar hawa tsani a rana. Da yawansu suna tasha a kan babur suna jiran fasinja, wasu suna bakin titi suna sayar da gilashin waya.

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka faɗi, jihohinmu suka haura mako guda a cikin duhu. Masu ƙanƙara suka rufe, masu injin niƙa suka ninka kuɗi, asibitoci suka koma kan janareta da tocila. A duk kwanakin nan rana ba ta yi fashin fitowa a Gwiwa ba ko sau ɗaya. Ita ta cika nata alƙawarin.

Sai batun gas, wanda matanmu suka fi kowa cancantar su yi muku guɗa a kai. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana shekaru goma na gas. A cikin wannan shekarar aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan gas ɗin girki da ake shigo da shi. Tukunya mai kilo 12.5 da ake cikawa a wajen naira 4,000 a 2020 ta haura 10,000 a 2022, ta wuce 15,000 a 2024. Ku shiga gidan malamin firamare a Kazaure, wanda ya ji kiranku ya matse albashi ya sayi tukunya da kan murhu. Tukunyar tana nan a lungun madafi, ƙura ta lulluɓe ta, an kife mata faifai a ka. Uwargida ta koma tsugune gaban duwatsu uku tana hura wuta, idanunta na zubar da ruwa, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Karan dawa da na gero kan ƙare kafin bazara ta yi nisa. Daga nan sai itace, in itace ya yi tsada sai kashin shanu, wanda gona ke jira a matsayin taki. Mai gawayi bai taɓa ciniki irin na waɗannan shekaru ba, marke da kanya da ɗorawa su suka biya kuɗin. Da 'yan'uwanku na Dutse suka ga daji na ƙarewa, sai suka hana sare itatuwa don itace da gawayi. Daidai ne, daji abin karewa ne. Gas ya fi ƙarfin aljihu, itace ya zama laifi, saura ku turo mana ƙwararru su koya wa yara cin gari ɗanye.

Kan itatuwa ma ba a bar ku a baya ba. A 2019 Shugaba Buhari ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya alƙawarin dasa itatuwa miliyan 25. Ga kuma babbar katangar itatuwa ta Afirka da aka amince da ita tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wadda Jigawa ke cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya, har an kafa mata hukuma ta musamman a 2015. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce abin da aka cimma a nahiyar bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. A Janairun 2021 aka taru a Faris aka yi alƙawarin sama da dala biliyan 14 don a hanzarta. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi dai ba a rasa ambatonsu ba.

Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itatuwa ya san yadda abin yake. Watan Agusta, ƙasa a jiƙe. Babban baƙo ya naɗe hannun babbar riga, a miƙa masa sabon shebur, ya tura 'yar ƙasa a gindin dashen darbejiya, a zuba ruwa daga sabon bokiti, masu hoto su ɗauka, a tafa. Kafin Janairu akuya ta gama da ita, domin an biya kuɗin rumfa da na lemo da na allon sanarwa, amma ba a biya wanda zai kewaye ta da ƙaya ya ba ta ruwa har damina ta zagayo ba. Baɗi a dawo wuri ɗaya a sake dasawa. Ta haka rami guda kan ba da itatuwa biyar a cikin rahoto, kuma wannan albarka ce da ko gonar fadama ba ta yi.

Ku dubi abin kunyar da maƙwabtanmu suka yi, can tsallaken Babura. Tun cikin shekarun 1980 manoman Maraɗi da na yankin Damagaram, musamman Magarya da Matamaye da Mirya, suka kama abin da suke kira sassaben zamani. Ba sa dasa komai. In manomi ya zo sharar gona, maimakon ya tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, ya riƙa yi musu aski duk shekara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawansu a wasu wuraren gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya ba dabbobi abinci da rani. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe ba. Babu jiniya, babu rumfa, babu kwangila. Allah ya kiyaye ku da koyi da irin wannan, ranku ya daɗe. Aikin da ba a fitar masa da kwangila ba ai bai cika aiki ba.

Iyayen gidanku na ƙetare su ma a miƙa musu tasu gaisuwar. A Kofenhagen a 2009 suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai bayan wa'adi ya wuce, kuma kaso mai yawa bashi ne. A taron Gilasgo na Nuwamban 2021 Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙinta kafin 2060, aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi a watan, aka fito da tsarin sauya makamashi a Agustan 2022 mai neman ƙarin dala biliyan 410. A wannan shekarar, da yaƙin Yukiren ya tsinke musu gas, Jamus ta sake kunna tashoshin kwal. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. Su da hayaƙi, mu da makoki, rabo ya yi daidai.

A ƙarshe dai kun kai mu sola, wannan ba mai musu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Naira ta faɗi, kuɗin faranti da batir suka bi dala sama. Manomin rani a bakin Kogin Gari ko a gefen Dam ɗin Muhammadu Ayuba ya zauna ya lissafa abin da injin ban ruwa ke sha a mako, ya ga tumatir da albasar ba za su fitar da shi ba. Mai hali ya sayar da sa ko tumaki, ya sayi faranti da famfo da kuɗinsa, ba rance, ba rangwame. Da asuba ya ɗaura farantan a amalanke ko a bayan babur ya kai gona, ya jingina su da sanda suna fuskantar gabas, ya riƙa juya su yadda rana ke tafiya, da yamma ya kwance ya dawo da su gida don tsoron ɓarayi. Marar hali kuwa ya bar fadamar ya tafi birni neman dako. Abin da biliyan 140 da bikin Jangefe suka yi alƙawari, bulalar tsada ce ta aiwatar da shi, kuma ga masu shanun sayarwa kaɗai. In kuna neman wanda za ku sa a rahoton nasarorinku, ga shi can a gona, ku je ku ɗauki hotonsa.

Gaisuwa ta isa haka. Abin da ke ci mini rai shi ne tunanin daidai ne, kuma ba inda ya fi dacewa da shi irin ƙasar nan tamu mai rana da fadama da matasa. An same mu a lokacin da muka fi rauni, aka ɗauki sunan garinmu aka yi ado da shi a gaban duniya, aka bar mu da takardar biyan kuɗi. Har yau mutum fiye da miliyan 80 ba su da wuta a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Illar ba ta tsaya a duhu ba. Duk ranar da wani ya sake zuwa da maganar sauyin yanayi, ko da gaskiya ya zo, dattijon Roni zai kaɗa kai ya ce an taɓa yi, kuma wannan rashin yarda ku kuka shuka shi.

Ga abin da muke nema: Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta zo Jangefe ba tare da jiniya ba, ta bi gida-gida: nawa aka kafa, nawa ke ci har yanzu, nawa batirinsu ya mutu, nawa suka gama biya suka mallaka. A karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyo, mu ji da kunnenmu. 'Yan majalisarmu na mazaɓar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, da na Babura da Garki, wannan tambaya taku ce, don ita aka tura ku. Manomin rani kuma a ba shi famfon sola bashi, ya biya bayan ya kwashe amfani, domin kuɗin manomi ba wata-wata suke zuwa ba. Wanda ya raini itace a gonarsa a rubuta masa cewa nasa ne, a kuma biya lada kan itacen da ya kai damina uku a raye, ba kan ramin da aka haƙa ba.

Mai girma Gwamna Umar Namadi, dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu, saboda haka jiran Abuja ya daina zama uzuri. Ba mu ce sai megawat 1,000 ba. A kafa 10 a Gwiwa, na ƙarfe da gilashi waɗanda hannu zai taɓa, a ja wayar zuwa masu niƙa da masu walda da asibitocinmu, a ɗauki yaran Kazaure su yi aikin. In kuma ba za a yi ba, a fito a faɗa wa mutanen Gwiwa gaskiya su daina jira.